Tambaya da Amsa: Tsohon Ɗakin Tiyata ko Gidan Zamanin Sarauniya Biktoriya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Shika, kuma a watan gobe za a tura ni Landan kwas na mako uku. Rana ɗaya tak nake da ita ta buɗe ido, an kuwa ba ni shawarar wurare biyu: wani tsohon ɗakin tiyata da aka mayar gidan tarihi, da wani gida na zamanin Sarauniya Biktoriya. Wanne ya fi dacewa da mai aiki irin nawa? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya kai ki lafiya. Ki fara da ɗakin tiyatar. Yana kusa da Gadar Landan, can ƙarƙashin rufin wata tsohuwar coci da ke haɗe da asibitin St Thomas na da. An gina ɗakin a 1822 domin mata marasa lafiya, aka rufe shi a 1862 da asibitin ya tashi saboda hanyar jirgin ƙasa, sannan aka manta da shi har 1956.

Abin da za ki tarar a tsakiyar ɗakin shi ne wani ƙaramin teburin katako, a ƙarƙashinsa akwai akwati cike da garin katako wanda jini yake zuba a ciki, kuma kewaye da shi ga matsayai hawa-hawa inda ɗaliban likitanci suke cunkusuwa suna leƙe. Hasken aiki daga tagar gilashin da ke rufi yake saukowa. Ki tsaya nan ki yi lissafin shekaru: sai a 1846 aka fara amfani da maganin sa barci wajen tiyata, ke nan an yi sama da shekara 20 ana yanke ƙafar mace a kan irin teburin nan idonta biyu, ƙarti na danne ta, gwanintar likita kuwa saurin hannunsa ce. Likitan tiyata Joseph Lister bai wallafa bayaninsa kan kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kabolik ba sai 1867, bayan an rufe ɗakin da shekara 5. A ganina, wanzamin da ke kafa ƙaho da maɗorin da ke ɗaure karaya a cikin birnin Zazzau a wancan lokaci ba su da wani abin jin kunya a gaban waɗannan likitoci.

Idan da sauran lokaci da yamma, ki wuce gidan Linley Sambourne, mai lamba 18 a layin Stafford Terrace da ke Kensington. Mai zanen barkwanci ne a mujallar Punch, ya tare da iyalinsa a gidan a 1875, kuma har yau kayan ɗakin suna nan kusan yadda ya bar su, bango cike da hotuna babu masaka tsinke, madafi kuwa a can ƙasa yake a da. Alaƙarsa da aikinki ita ce, masu hali na zamanin ba sa kwanciya a asibiti, domin asibiti na talaka ne. Likita ne yake zuwa ya same su a ɗakinsu. Ita kanta Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, a fadarta Dakta John Snow ya shaƙa mata kulorofom, wani maganin sa barci, lokacin wata haihuwarta a 1853.

Ki duba ranakun buɗewa a intanet kafin ki fita, domin dukansu ba kullum suke buɗewa ba. Ki kuma sa takalmi maras tsini, ki tattare hijabinki da kyau, saboda matattakalar ɗakin tiyatar siririya ce mai murɗawa, hawa 52.