Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Salahuddin ne ya gina masallacin kan dutsen Alƙahira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana yana karatu a Azhar, ya turo min hotunan Ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansanin tsaron da ke kan dutsen Alƙahira, na ga wani ƙaton masallaci mai ƙubbobi, shi Salahuddin ɗin ne ya gina shi? Kuma wai da gaske rijiyar da ke ciki ita ce aka jefa Annabi Yusuf (AS)? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yayanki sa'ar karatu. A'a, wancan masallacin na Muhammad Ali Basha ne, wanda ya mulki Masar, a 1830 aka fara shi, wato sama da shekara 600 bayan rasuwar Salahuddin, kuma kabarin Muhammad Alin ma yana ciki. Kusan kowa ɗauka yake na Salahuddin ne saboda shi ido ke fara hangowa daga nesa.

Aikin Salahuddin shi ne ganuwar da hasumiyoyin tsaro. A 1176 ya sa aka fara ginin a kan wani ɓangare na dutsen Muƙaɗɗam, inda in mutum ya tsaya zai ga garin gaba ɗaya a ƙasansa, ya damƙa aikin a hannun amintaccensa Baha'uddin Ƙaraƙush. Wasu duwatsun daga ƙananan dalolin Giza aka ciro su, kuma matafiyin nan Ibn Jubair da ya wuce a 1183 ya ga fursunonin yaƙin Salibiyya birjik suna sassaƙar dutse. Shi kansa Salahuddin bai zauna a ciki ba, ya bar Masar a 1182 bai sake komawa ba har ya rasu a Dimashƙa a 1193. Ɗan ɗan'uwansa Al-Kamil ne ya tare, daga nan wurin ya zama fadar mulkin Masar har ƙarni na 19 da aka koma fadar Abidin. A nan ma Mansa Musa ya gana da Sarkin Masar An-Nasir Muhammad a 1324 a hanyarsa ta hajji.

Rijiyar kuwa ba ta Annabi Yusuf ba ce, sunan Salahuddin na yanka Yusuf bin Ayyub, shi ya sa ake ce mata Bi'ir Yusuf. Ni dai wallahi ita ta fi burge ni a duk wurin. Ki duba, an gina sansani a kan dutse, in abokan gaba suka yi ƙawanya ai ƙishirwa ce za ta fara kashe mutane kafin kibiya, sai aka fasa dutsen nan da hannu har kusan mita 90 don a tarar da ruwa. Hawa biyu aka yi ta, aka sassaƙa wata hanya mai zagaye da ke gangarawa a jikin ramin na sama yadda shanu za su sauka har tsakiya, can cikin duhu suna juya na'urar da ke ɗago ruwa a tulunan da aka ɗaure a igiya, wasu shanun a sama su ƙarasa fito da shi.

Ki ce wa yayanki in ya koma ya shiga masallacin An-Nasir Muhammad na 1318 da ke kusa, ya ɗaga kai ya kalli koren tayil ɗin da ke kan hasumiyoyinsa, rijiyar tana nan ta bayansa.