Amsar tambayarki a kan "Jaji"

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin ji ana kiran wata tsohuwa Jaji a Hubbaren Shehu, har kika ɗauka sunan namiji ne, kuma kina tambaya ko za ki iya kiran malamarku ta Islamiyya haka. A'a, ita ki ci gaba da ce mata Malama.

Kalmar ta fatake ce. Jaji shi ne mai jan ayari, wanda ya san inda ruwa yake da inda ake yada zango. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ce ta ɗauko ta ta ba mata. A zamaninta an gama jihadi, amma matan ƙauye da yawa ba su san hukuncin tsarki da salla ba, bori kuwa yana nan da ƙarfinsa. Matar aure ba za ta bar ɗakinta ta tafi neman karatu wani gari ba. Sai Nana ta riƙa zaɓar dattijuwa amintacciya daga ƙauye, ta koya mata waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci, ta haddace, ta koma ta biya wa matan da ke cikin gida. Wannan dattijuwa ita ce jaji. Ita ce kuma ke tattaro tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, ta jawo su a ƙafa har wurin Nana. Su ne 'Yan Taru.

Kuma naɗa jaji ake yi, ba ta naɗa kanta. Ana ɗora mata malfa, a naɗe da jan rawani. Nan ne nake jinjina wa Nana, Allah Ya jiƙanta: malfar nan a da alamar Innar Gobir ce, uwar 'yan bori. Matan ƙauye sun riga sun san girman mai sanye da ita, sai ta bar musu malfar, ta sauya abin da mai ita ke kawo musu.

Da Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin.

Kin ga ke nan, malama ana zuwa a same ta, jaji kuwa ita ke tashi ta je, ta sasanta rigimar mata, ta duba marar lafiya, ta wanke gawa. In malamarku ta yi zurfi a karatu kina son girmama ta, akwai Modibbo, kalmar Fulatanci ce, maza da mata duk ana kiransu da ita.

In kin koma Hubbare, ki durƙusa ki gaishe da tsohuwar nan, ki tambaye ta wa ya ɗora mata malfa.