Tambaya da Amsa: Dole sai an yi farmata kafin in koma kan sabon SSD?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shari'a Mansur nan Makka, ina aiki a wani ofishi na hidimar 'yan Umra. Laftof ɗina HP ce ta kwana biyu, in na kunnata bayan asuba sai na dafa shayi na sha kafin ta gama buɗewa. Na sayo SSD, wato sabon nau'in hardis mai sauri, mai giga 500, tsohon hardis ɗin tera 1 ne amma abin da ke ciki bai wuce giga 280 ba. Mai gyara yace sai dai ayi farmata a zuba sabon Windows, ni kuma akwai barnamaj (wato manhaja) na lissafi a ciki wanda yaron da ya samin shi ya koma Kano tuni, ga hotunan fasfo na baƙinmu. Don Allah akwai mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai mafita, kada ka bari a yi maka farmata tukuna. Abin da kake buƙata shi ne wanda masu gyara ke ce wa kulon, wato a ɗauko duk abin da ke cikin tsohon hardis, Windows da barnamaj ɗinka da fayiloli har da hoton da ke kan fuskar kwamfutar, a kwafe su kan SSD yadda suke. Ba irin kwafin da ake yi a filasha ba ne, domin akwai wasu ƙananan ɗakuna a ɓoye cikin hardis da ba ka ganinsu, ɗaya bai fi mega 100 ko sama da haka kaɗan ba, amma in babu shi kwamfutar ba za ta tashi ba sam. Shi yasa a wajen kulon hardis ɗin gaba ɗaya ake zaɓa, ba ɗakin C da Windows ke ciki kaɗai ba.

Maganar girma kuma kar ta dameka, abin da ke ciki ake dubawa ba girman mazubin ba. SSD mai giga 500 zai nuna maka kusan 465, kaga 280 ɗinka zai shiga har da rara.

Toh amma kafin komai, wallahi wannan shi ne abin da nafi so ka riƙe: ka kwashe hotunan fasfo ɗin nan da bayanan lissafin ka ajiye a wani hardis na waje. Amanar mutane ce. Na taɓa tsayawa a wani shago a Jidda wani bawan Allah ya kawo kwamfutarsa, yaron shagon cikin sauri ya juya abin, ya zaɓi sabon SSD da ba komai a ciki a matsayin wanda za a kwafo, tsohon kuma a matsayin wanda za a zuba wa, kafin a ankara komai ya tafi, mutumin nan ya zauna kan kujera ya dafe kai ya ma kasa magana, aikinsa na shekaru ne a ciki. Don haka in barnamaj ɗin kulon ya tambayeka wanne ne tushe wanne ne mazubi, ka tsaya ka karanta girman kowanne, mai tera 1 daga gare shi ake ɗauka, mai 500 shi ake zuba wa.

Sannan ka duba ko BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanan hardis da shi, na kunne. In yana kunne ka kasheshi ka jira ya gama buɗe hardis ɗin, kuma ka rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda, galibi zaka sameshi a asusunka na Microsoft.

Kayan aiki ba su da yawa. In SSD ɗin irin mai faɗin nan ne na inci 2.5, ka nemi kebur na SATA zuwa USB, ka jona a ramin USB mai launin shuɗi in akwai don yafi gudu. Barnamaj ɗin kulon kuma ya danganta da SSD ɗin da ka saya: in Samsung ne suna da nasu cikin Samsung Magician, in Crucial ne ko Western Digital suna bada Acronis kyauta ga mai kayansu. Akwai Clonezilla shi ma kyauta ne kuma yana aiki sosai, sai dai ni ban cika tura wanda bai saba ba wajensa, fuskarsa duk rubutu ce, kuma sauka daga babban hardis zuwa ƙarami yana ba da wahala a cikinsa. Ka sa caja a jiki, ka rufe duk abin da kake yi, zai iya cin awa biyu ko uku, ka barshi ka je masallaci ka dawo.

In ya gama ka kashe kwamfutar, ka cire caja, a buɗe ƙasanta a zare tsohon a sa sabon a gurbinsa. Tashin farko kar ka bar tsohon a jone ko ta USB, SSD kaɗai. In bata tashi ba ka danna F9 lokacin kunnawa, a HP nan ne ake zaɓar inda za ta tashi. Lasisin Windows ba abin da zai sameshi, da babban allon cikin kwamfutar (motherboard) yake ɗaure ba da hardis ba. Barnamaj ɗin lissafin ne dai nake ɗan jin tsoro, wasu irinsu suna gane an canza hardis su nemi lambar kunnawa, don haka ka nemi yaron nan na Kano a WhatsApp tun yanzu ka karɓi lambar ka ajiye.

Shi ma mai gyaran naka ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. In Windows ɗin cike yake da ƙwayar cuta, kulon zai kwaso ta ne ya kai sabon gida, in kuma tsohon hardis ya fara lalacewa kana jin yana ƙas-ƙas, aikin zai iya tsayawa a tsakiya, a nan kam sabon zubi yafi. Ka sauke barnamaj ɗin CrystalDiskInfo ka duba lafiyar hardis ɗin, in ya nuna shuɗi bismillah. Kuma in Windows 10 kake kai ka sani Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, wannan magana ce ta wani makon amma ka sa a ranka.

Tsohon hardis ɗin kar ka goge shi, kar ka bayar, ka naɗe shi ka sa a durowa kamar sati biyu ko uku kana aiki da sabon, ka buɗe lissafin ka fitar da rasit ka ga komai daidai. Bayan nan sai ka saya masa ɗan akwati na USB ya zama wurin ajiyar fasfo ɗin baƙinku.