Tambayoyin Fasaha: Manhajar Injin Shinkafa, Fayil ɗin pickle da Batun .exe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi. Na rubuta wa kawuna ƙaramar manhaja da harshen Python, tana riƙe masa lissafin injinsa na casar shinkafa a Argungu: buhu nawa aka kawo, na wane ne, nawa aka biya, nawa ne bashi. Da pickle nake ajiye bayanan. Yaronsa da ke Jega yana turo nasa fayil ɗin ta WhatsApp in haɗa. Yanzu ina so in mayar da ita .exe don ta yi aiki a kwamfutar da babu Python, kuma kada wani ya kwafe mini aikin. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, sannu da ƙoƙari. Batun .exe ba wuya, zan zo kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fayil ɗin nan na Jega.

Pickle ba bayanai kawai yake rubutawa ba. Umarni yake jerawa na yadda za a sake gina abin da ka ajiye, kuma cikin umarnin da ya halatta har da "kira aiki kaza ka gudanar da shi". Da zarar manhajarka ta ce pickle.load, Python zai bi umarnin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ya tambayar wanda ya rubuta. Wanda ya san hanyar __reduce__, wadda da ita ake faɗa wa pickle aikin da zai kira, layi kaɗan sun ishe shi ya haɗa fayil ɗin da zai goge lissafin kawunka ko ya buɗe wa ɓarawo ƙofar kwamfutar. Kuma ba a bincikarsa bayan an buɗe, domin a wajen buɗewar ake yin ɓarnar. Masu kula da Python da kansu sun rubuta gargaɗi a bayanin pickle cewa kada a buɗe wanda ba a amince da tushensa ba.

Na san za ka ce yaron amintacce ne. Ban musa ba. Amma wayarsa fa? Kullum ana ƙwace wa mutane WhatsApp, filashi kuma ya shiga kwamfutar shagon buga takardu ya fito. Ko masu harkar ƙirƙirarriyar basira abin ya dame su, tunda fayilolin PyTorch, manhajar da suke aiki da ita, a kan pickle aka gina su. Shi ya sa aka fito da tsarin safetensors, wanda lambobi zalla yake ɗauka.

Ka koma JSON wajen musayar fayil. Yana nan cikin Python, ba sai ka sauke komai ba, kuma rubutu ne da lambobi kurum, ba ya gudanar da komai. Sai dai ka kula da abubuwa kaɗan. Ka buɗe fayil da encoding="utf-8", ka sa ensure_ascii=False, don sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ su fito yadda suke. Kuɗi kuma ka ajiye su da kwabo, cikakkiyar lamba. Gwada 0.1 + 0.2 a Python ka gani, 0.30000000000000004 zai ba ka, irin wannan ɗan ragowar ne ke taruwa a ƙarshen kaka a rasa inda lissafi ya karkace. Kwanan wata ka rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2025-11-03. Sannan duk abin da ya shigo ka tantance: in aka ce buhu -40 ne, manhaja ta ƙi karɓa. Kada ka kusanci eval, wanda ke gudanar da duk rubutun da aka ba shi a matsayin umarni, ya fi pickle muni.

Amma JSON a buɗe yake. Kowa zai iya buɗe shi da Notepad ya mayar da bashin naira 80,000 ya koma 8,000. Maganin wannan shi ne hmac, shi ma yana cikin Python: ku biyu kuna da mabuɗin sirri ɗaya, mai turawa ya buga wa fayil hatimi da SHA-256, mai karɓa ya gwada da compare_digest. Harafi ɗaya ya canja, hatimin ba zai dace ba. Hatimi ba ya ɓoye abin da ke ciki, in ɓoyewa kake so sai ka nemi Fernet a cikin kunshin cryptography. Babban kundin da ke Argungu kuwa, ni da SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke cikin Python, zan riƙe shi, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu ba ya barin rabin lissafi.

To, .exe. PyInstaller ce manhajar da za ta haɗa maka shi. Ka buɗe venv sabo, wato keɓaɓɓen wurin aiki na Python, ka saka abin da manhajar ke bukata kaɗai, sai pip install pyinstaller, sai pyinstaller lissafi.py. Za ka tarar da kayan a foldar dist. A kan Windows za ka haɗa na Windows, ba ya haɗuwa daga Linux. In kwamfutar injin Windows 7 ce, sai Python 3.8, daga 3.9 ba ya hawa kanta.

PyInstaller fa ba ya ɓoye maka aiki. Python ɗin da kansa yake ƙunsawa tare da rubutunka da aka mayar .pyc (sigar da Python ke fassara rubutu zuwa gare ta kafin ya gudanar), kamar a zuba shinkafa da tukunyarta a buhu ɗaya a ɗinke baki, mai reza zai farke. Akwai manhajojin kyauta da ke zaro su. Nuitka, wata manhajar mai irin wannan aiki, ya fi wahalar warwarewa don yana juya rubutun zuwa harshen C, amma shi ma ba katanga ba ce. Don haka kada ka rubuta mabuɗin hmac a cikin manhajar, a shigar da shi lokacin girkawa. Tsoron kwafa kuma, yarjejeniya a rubuce da duk mai injin da ka sayar wa ta fi amfani.

In ka zaɓi --onefile, wato a dunƙule komai a fayil ɗaya, ka sani kullum sai ya kwance kansa a foldar wucin gadi, ya share ta idan an rufe. Wanda ya ajiye kundinsa kusa da __file__, wato inda rubutun manhajar yake, da safe zai tarar babu komai. Ka kai kundin foldar APPDATA, inda Windows ke ajiye bayanan manhajoji.

TAMBAYA: Malam, na goge foldar __pycache__ bisa kuskure. Na ɓata aikina ke nan? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: Kwantar da hankalinki, Malama. Fayilolin .pyc ne a ciki, Python ke ajiye su don ya riƙa tashi da sauri. Muddin na .py suna nan, zai sake yin wasu da kansa a gudu na gaba. In kina aiki da Git, mai adana tarihin canje-canjen aiki, ki ma sa sunan foldar a .gitignore don ya riƙa tsallake ta.