Jarumar Littafina Tana da Sikila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta littafin soyayya wanda jarumarsa ke fama da ciwon sikila, kuma na tsara ta rasu a babi na ƙarshe bayan an fasa aurenta saboda sakamakon gwajin jini. Wata ƙawata mai ciwon ta karanta, ta ce ba ta ga kanta a ciki ko kaɗan ba. Ina kuskurena yake?
Daga wata marubuciya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ƙawarki ta yi miki gata, domin ta faɗa miki abin da masu sikila da yawa ke ji idan sun ga an saka irinsu a labari don kawai a zubar da hawaye a kansu.

Ki fara gyara batun auren, domin a nan marubuta suka fi yin tuntuɓe. Mai jinin SS, wato mai sikila, idan ta auri mai AA, wanda bai gaji ƙwayar ciwon ba, babu ɗan da za su haifa da ciwon, dukkansu AS za su zama, wato masu ɗauke da ƙwayar ciwon amma ba sa fama da shi. Idan kuwa mai AS ta aura, yiwuwar haifar mai ciwon a kowane ciki rabi da rabi ce, yayin da masu AS biyu ke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Saboda haka dole mai karatu ya san jinin saurayin, in ba haka ba littafinki zai ƙarfafa camfin cewa mai sikila ba ta auruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutuwar da kika tanadar mata tun kafin ki san halinta. Ciwon nan rayuwa ce ta kullum: tsoron sanyin hunturu, gorar ruwa da ba ta rabuwa da jaka, gudun zazzabin cizon sauro, jarrabawar da ta wuce tana kwance a asibiti, da dangin da ke raɗa cewa 'yar wabi ce. Ki nuna wannan, sannan ki ba ta sana'a, da buri, da kishi, har da taurin kai, yadda za ta yi laifi a yi fushi da ita kamar kowa. Akwai masu sikila da suka yi aure, suka haihu, suka ga jikoki.

Ki koma wajen ƙawar taki da littafin, ki roƙe ta, idan ta yarda, ta kwatanta miki yadda daren tashin ciwo yake da bakinta, kuma kada ki rubuta sirrinta sai da izininta.