Filin Tambayi Baba: Ina biliyoyin da ake ware wa lafiya suke shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a nan Jos, sana'ata suyar waina da safe a bakin titin Bauchi. A watan Agusta autana ya kwana da zazzaɓi, jiki kamar garwashi. Gari na wayewa na goya shi zuwa wani ƙaramin asibitin gwamnati. Nas ɗin ta karɓe mu da mutunci, ta duba shi, amma ta ce abin gwajin jini ya ƙare, magani ma babu, sai ta rubuta mini takarda na tafi kemis. Abin da na kashe ranar ya cinye ribar kwana biyar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk ƙarshen shekara ina ji a rediyo an ware wa lafiya biliyoyin naira. Ina suke shiga? Sace su ake yi, ko tun farko ƙarya ake mana?

Wata uwa, Jos ta Arewa.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ƙara wa yaron lafiya, Ya raya miki shi. Tambayarki ta taɓa ni, domin shekara 27 na yi a sashen tsare-tsare na ma'aikatar lafiya a wata jiha ta Arewa kafin in yi ritaya in dawo gida Jos, kuma irin lambobin da kike ji a rediyo da hannuna na sha rubuta su.

Abu na farko da nake so ki riƙe: ranar da gwamna ya karanta kasafi a majalisar dokoki, kuɗin nan ba su cikin asusu. Hasashe ne. Ana lissafa abin da ake sa ran samu daga rabon da ake yi wa jihohi a Abuja duk wata, da harajin cikin gida, da bashin da ake fatan ciwowa, sai a raba shi a takarda tun bai zo ba. Kamar ke ce ki zauna daren Juma'a ki ce ribar mako mai zuwa kaza za ta tafi kuɗin makaranta, kaza cefane, kaza zubin adashe, alhali ko shinkafar ba ki jiƙa ba. In ciniki ya faɗi, ai kin san wanda za ki fara biya da wanda zai jira.

To a gwamnati albashi ake fara biya, kuma daidai ne. Nas ɗin da ta karɓe ki ita ma iyali gare ta. Bayan albashi sai biyan bashi, sai ɗan kuɗin tafiyar da ofis. Abin da ya rage shi ake rabawa kan sauran, kuma cikin sauran nan ne maganin ɗanki yake, tare da gyaran rufin asibiti, da man janareta, da firij ɗin allurar rigakafi.

Ko da kuɗin sun shigo, ba sa tafiya da ƙafarsu. Sai darakta ya rubuta takardar neman a saki kuɗi, babban sakatare ya duba, kwamishina ya sa hannu, ta tafi gidan gwamnati. In an amince, ta gangara ofishin akanta janar ta shiga layi tare da takardun hanyoyi da makarantu da takin zamani. In kuɗi sun fito, sai batun ba da kwangila, sai ɗan kwangila ya kawo kaya rumbun magani, sai a nemi motar rabawa. Akwai shekarar da ba na mantawa. A Fabrairu na rubuta takardar neman kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro don mu riga damina. Kuɗin ba su fito ba sai Oktoba, ruwa ya ɗauke. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa an saki kuɗin gaba ɗaya, kuma gaskiya ne an sake su. Amma yaran Yuli da Agusta, iyayensu kemis suka je kamar yadda kika je, waɗanda ba su da shi kuma suka koma gida da jiƙo. Har yau in na ji an fara ruwan farko sai fayil ɗin nan ya faɗo mini a rai. Sauro ba ya jiran akanta janar.

Sannan ga farashi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke lissafawa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Yawancin magungunanmu daga waje ake shigo da su, ko kuma sinadaran haɗa su, musamman daga Indiya da Sin. A Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu asma da masu sayen maganin Augmentin sun ji a jikinsu. Kuɗin da aka rubuta a Disamba don kwali ɗari, kafin a sake su sai su kasa sayen rabi.

Batun sata kuwa, ba zan ɓoye miki ba, akwai ta. Na ga kwangilar da aka kumbura wa farashi. Na ga yadda ake fifita sabon gini a kan sayen magani, don gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, paracetamol kuwa ba wanda ke kiran 'yan jarida a kansa. Amma ko da a ce kobo bai ɓace ba, in ba a saki kuɗi a kan lokaci ba, kantar maganin nan haka za ki same ta a Agusta. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga muhawara ta tsaya a kan adadin da aka ware. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 take yawo. Wasu jihohi irin su Kaduna da Kano sun kai 15 ɗin a takarda. Abin yabo ne, amma tambayar da ta shafi ɗanki ita ce nawa aka saki, kuma a wane wata.

Yanzu ga ƙofar da ta fi kusa da ke. A 2014 aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikata ke kira BHCPF. Dokar ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, wajen naira biliyan 55. Bisa dokar, rabi na tafiya ta hanyar inshorar lafiya don a biya wa marasa galihu, kashi 45 ta hukumar lafiya matakin farko don magani da kayan aiki da gyara da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Tsarin shi ne a kowace mazaɓa a zaɓi cibiya guda, a buɗe mata asusun banki nata, kuɗi su riƙa shiga kai tsaye duk wata uku. Ba su da yawa, a shekarun farko wajen naira dubu 300 ne a zango, amma ba sa bin doguwar hanyar da na lissafa miki. Kuma shugaban asibitin ba ya cire su shi kaɗai, sai da hannun shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutumin unguwa ne kamar ki.

Don haka ki je wajen mai unguwarku ki tambayi su wa ke cikin kwamitin nan, da ranar da suke zama. Ki tafi da mata biyu ko uku, 'yan islamiyyarku ko 'yan adashenku. Ku tambaya cikin ladabi: asibitin nan yana cikin masu karɓa? Yaushe kuɗin ƙarshe suka shigo? Me aka saya? Ku kuma tambayi yadda ake rajistar masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a PLASCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya da jihar Filato ta kafa a 2019. Nas ɗin ba abokiyar faɗarki ba ce. Na san da yawansu da ke sayen safar hannu da kuɗin aljihunsu, kuma za su yi murna in unguwa ta tsaya musu.

TAMBAYA

Baba, barka da hutawa. Bara aka mayar da ni sashen kasafi na wata hukumar lafiya. An aiko mana da ambulan ɗin baɗi, abin da ke ciki bai kai rabin abin da sassa suka nema ba. Kowane darakta na cewa nasa ne ba a taɓawa. Maigidana ya ce in rage wa kowa daidai wa daida a huta. Zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya kuke yi a zamaninku?

Ɗanka, Bukuru.

AMSA

Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Ga masu karatu da ba su san kalmar ba, ambulan shi ne iyakar kuɗin da ma'aikatar kasafi ke yanka wa kowace hukuma, a ce duk buƙatunku su shiga ciki.

Rage wa kowa daidai yana kashe rigima a ɗakin taro, amma ɓarna yake yi a asibiti. In ka rage kuɗin taron bita da rabi, rabin mutane za su je, ba a rasa komai ba sai rabi. In ka rage kuɗin riƙe sanyin firij da rabi, allurar da ke ciki gaba ɗaya za ta lalace. Ka fara ware layukan da rabinsu daidai yake da babu, ka kewaye su da jan biro kafin kowa ya shigo ofishinka.

Sannan ka ajiye kalandar ofis ka ɗauko ta cuta. Kai ɗan Filato ne, ka san ta. Damina ta zazzaɓin cizon sauro ce da amai da gudawa. Da hunturu sanyin Jos ke kwantar da yara da ciwon haƙarƙari, daga Disamba zuwa Maris kuma zazzaɓin Lassa ke tashi, lokacin ma'aikata na buƙatar kayan kariya a hannu, ba a takarda ba. Can gangare wajen Langtang da Shendam da Wase saran maciji ne, lokacin noma da girbi. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Zamko ya ga manomin da aka kawo a babur ƙafa ta kumbura, ba zai sake ɗaukar maganin dafi a matsayin ƙaramin layi ba. A gefen kowane layi ka rubuta watan da dole kuɗinsa su fito. Wannan jadawalin ya fi adadin kansa amfani, kuma shi ne makaminka in ka tsaya gaban kwamitin majalisa kare kasafi.

Kada ka taɓa kuɗin haɗin gwiwa, wato kason da jiha ke sawa kafin tarayya ko masu tallafi su saki nasu. Dokar 2014 ta nemi jihohi da ƙananan hukumomi su sa kashi 25 a ayyukan asusun BHCPF. Na ga shekarar da aka hana ƙaramin kaso irin wannan don tsimi, aka yi asarar ninkinsa.

Albashi kuwa ka lissafa shi da sunaye, ba da ƙiyasi ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024, ga likitoci da nas-nas na ficewa Ingila da Saudiyya, ga masu ritaya. Ka nemo jerin waɗanda za su ajiye aiki baɗi, musamman ungozomomi. Gina sabon ɗakin haihuwa alhali wadda ke riƙe da tsohon za ta tafi a Yuni, kuɗi ne aka binne.

Akwai abin da mu muka yi sakaci da shi, kada ku maimaita. Shekaru muka bar maganin HIV da na tarin fuka da wani ɓangare na rigakafi a wuyan masu tallafi daga waje, har wasu layukan ba ma rubuta su. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, kowa ya ga ramin. Ko kaɗan ne, ka buɗe wa waɗannan layi a kasafinku, domin layin da babu shi a doka ba a iya sakar masa kobo sai an jira ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Haka kuɗin ko-ta-kwana. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar 2012 ba, ga dubban da rikici ya raba da gidajensu a Mangu da Bokkos a 2023. Irin waɗannan mutane magani suke buƙata da abinci da kulawar marayu lokaci guda, alhali kuɗin walwalar jama'a na wata ma'aikata ne daban. Ka san takwaranka na can tun yanzu, ku duba layukanku tare, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maigidanka kuma kada ka yi masa gardama a gaban mutane. Ka shirya takarda biyu, tasa da taka, ka kai masa ofis ka ce, ranka ya daɗe, ga abin da kowacce za ta haifar a Agusta. In kasafi ya zama doka, takardar maganin damina ka rubuta ta a makon farko na Janairu, ka ɗauki fayil ɗin da hannunka, ka riƙa rubuta ranar da ya sauka a kowane tebur da ranar da ya tashi.