Kwamfutata tana ɗaukewa ta sake tashi da kanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tebur mai Windows 10 ta tsiro da wani hali. Ina tsaka da aiki sai ta ɗauke, ta sake tashi da kanta. Wata rana sau biyu, wani lokacin kuma ta yi kwanaki lafiya lau. An ce in yi mata fomat. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka dakata da batun fomat tukuna. Idan matsalar ta wuta ce ko ta ram (ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita), ko sau goma ka goge Windows ka sake ɗorawa, tana nan daram, kai kuma ka yi asarar fayilolinka a banza.

Abin da za ka fara ganowa shi ne wa ya sa ta tashin. Windows na rubuta wannan a wani kundi mai suna Event Viewer. Ka rubuta sunan a wurin bincike, ka buɗe Windows Logs, ka shiga System, ka duba daidai lokacin da ta ɗauke. Idan lamba 1074 ka gani, da gangan aka sake tayar da ita, kuma galibi sabuntawar Windows Update ce. Wannan mai sauƙi ne: ka saita sa'o'in aikinka a Active hours da ke cikin saitin Windows Update, ba za ta ƙara katse ka a cikinsu ba. Idan kuwa 41 ce mai taken Kernel-Power, kwamfutar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba. Mutane na ganin 41 su ce ai wuta ce. Ba lallai ba. Shaida ce kawai cewa ta faɗi, ba ta faɗin dalili.

A nan ne za ka hana ta ɓoye laifinta. Windows na zuwa a saite ta yadda in ta yi karo da babban kuskure za ta sake tashi nan take, shuɗin allon da ke ɗauke da bayani ya wuce kafin ka karanta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, danna Settings da ke ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. In ta sake faɗuwa za ta tsaya a kan allon, sai ka ɗauki hotonsa da waya.

Rubutun da ke wurin shi ne jagoranka. MEMORY_MANAGEMENT kan nuna ram, sai ka gwada shi da mdsched, manhajar gwajin ram da ke cikin Windows, ko da manhajar MemTest86 wadda ta fi tsananta bincike. In ram ɗin biyu ne, cire ɗaya ka yi aiki da ɗayan, daga baya ka musanya. IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yawanci direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar. Ka tuna abin da ka sa ko ka jona daf da fara matsalar, ka cire shi.

To idan ka cire alamar nan amma ta ci gaba da ɗaukewa ɗif, babu shuɗin allo? Ni a irin wannan akwatin wutar cikinta, fawa saflai, nake fara zargi, musamman in abin na faruwa lokacin aiki mai nauyi kamar haɗa bidiyo ko gem. Ka canza soket da wayar wuta tukuna, sannan a gwada mata wani akwatin. Kada ka kuskura ka kwance shi da kanka, yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket.

Zafi ma na cikin lissafi, ko da yake shi ya fi sa kwamfuta ta mutu ta zauna a mace. Sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ka gani. In firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na kaiwa digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, a share ƙurar fanka, a sake mata man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi.

Kafin duk wannan gwaje-gwajen, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa filasha ko wani faifai na waje. Kwamfutar da ke ɗaukewa tana tsaka da ajiye fayil tana iya lalata shi.